Hajiya Bintu, Wadda Ta Koya Mana Raba Namu Da Na Mutane

Da safiyar nan labarin ya same ni.

Ina ƙofar gida ina ɗaure jaka a bayan babur zan tafi Jakusko, sai waya ta yi ƙara. Lambar Hajiya Bintu ce. Na ɗauka da fara'ata. Sai na ji muryar 'yarta, Yagana.

"Yaya Idi, Mama ta rasu. Bayan sallar asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan dakali. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a wajen ba, sai da mai ɗakina ta leƙo ta ce lafiya na bar babur a kunne.

Na kasa tuƙi. Mota na bi daga Gashua zuwa Nguru, Allah Ya sa na samu jana'iza. Yanzu haka ina tasha ina jiran mota ta cika, shi ne na ce bari in rubuta wani abu tun zuciyata tana ɗauke da shi.

Da yawanku ba ku san ta ba. Ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba, ba ta shiga rediyo. Akanta ce, ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya, sannan ta ajiye tebur ɗaya da kujera biyu a zauren gidanta. Amma ka tambayi duk wani wakilin inshora mai zaman kansa daga Nguru zuwa Gashua, har Machina, zai gaya maka wace ce Hajiya Bintu.

Ga wanda bai san sana'armu ba: mu ba mu da albashi. Ni inshorar gona nake yi wa manoman shinkafa a fadama, da ta mota ga direbobin a-kori-kura. Mutum ya ba ni kuɗin inshorarsa, in rubuta masa rasit, in tura wa kamfani, kamfani ya ba ni kamasho. Wannan kamashon shi ne abincina.

A baki abin da sauƙi.

Shekara bakwai da suka wuce, lokacin sabunta lasisina ya yi, aka ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji. Na je ofishin haraji ina taƙama, suka ce in kawo bayanan asusuna na banki. Na kawo. A lokacin asusu ɗaya gare ni. Kuɗin manoma nan suke shiga, kamashona nan, kuɗin cefane nan, har gudummawar biki.

Suka duba, suka ga kuɗi suna ta shiga, suka ɗauka duk nawa ne. Suka ƙiyasta mini harajin da ko na sayar da babur ɗina da gonar gadonmu ba zan iya biya ba.

Na fito. A bakin titi wani mutum, ba ma'aikacin wajen ba ne, ya ja ni gefe ya ce in kawo wani abu shi ya san yadda za a yi a rage. Na karɓi lambarsa. Gaskiya na yi niyyar kiransa.

Kwana tara ina yawo da takardar nan a aljihu, ban gaya wa kowa ba, har mai ɗakina. Abokin aikina Modu, da ke yi wa manyan motoci inshora a Nguru, shi ya lura na rame. Da na ba shi labari sai ya ce, "Kafin ka ba kowa ko sisi, je ka ga Hajiya Bintu."

Na je mata da baƙar leda cike da takardu. Wasu ruwa ya jiƙa su, wasu da tabon manja. Ta ce mini wushe, irin gaisuwarsu ta Kanuri, ta nuna mini kujera. Na zazzage ledar a kan tebur. Ta daɗe tana kallon tulin, sannan ta ɗago tabarau ta kalle ni.

"Bara nawa ka samu?"

Na faɗa mata jimillar da ke jikin takardar banki.

"Ban tambaye ka nawa ya ratsa ta hannunka ba. Nawa ne naka?"

Na ce ban sani ba.

"To kai mai abin ba ka sani ba, ta yaya mutumin ofis zai sani? Bai zalunce ka ba, ɗana. Abin da ka nuna masa ya gani."

Maganar ta yi mini zafi. Ni na zo ne neman wanda zai taya ni zaginsu.

Ta ce doka ta ba ni kwana talatin in rubuta ƙorafi, na riga na ƙona tara a kan fushi. Abin da ake buƙata shi ne hujja: kowane kuɗi da ya shiga, na wane ne, kuma yaushe ya fita zuwa kamfani. Matsalar, rabin kwafin rasit ɗina ya ɓace. Sai dai a bi manoman ɗaya bayan ɗaya a ga na hannunsu.

Na ɗauka aikena za ta yi. Washegari da hantsi na same ta a tashar Gashua, ta naɗa laffayarta, ga fayil a hammata.

"Idan na bar ka kai kaɗai, hira za ka tsaya yi," in ji ta.

Mace mai shekara sittin da wani abu, ga ciwon gwiwa. Haka ta hau gaban a-kori-kura muka yi ta zaga ƙauyuka. A wajen Dagona ruwa bai gama janyewa ba, sai da muka shiga kwale-kwale. Ashe tsoron ruwa take yi. Tun da muka tashi take salati da ƙarfi har muka sauka, hannu ɗaya ta riƙe gefen jirgi, ɗaya ta dafe fayil a ka. Mai jirgin yana ta dariya, ta ce masa ya yi dariyarsa, idan dai takardun nan suka jiƙe shi da ita ne.

Manoma suka yi ta fito da rasit daga inda ban zata ba. Wani daga gwangwanin madara, wani daga ƙarƙashin katifa, wani daga aljihun rigar Sallarsa. Su da ba su yi boko ba sun fi ni adana takarda. Tana dubawa, tana rubutawa, ni ina ɗauka a waya.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗar sa a fili ba. Yau zan faɗa, don idan na ɓoye shi ba za ku san ko wace ce ita ba.

Akwai wani dattijo a Dagona, Baba Saleh. Gonarsa tana dab da kogi. A daminar da ta gabaci wannan tafiya tamu ambaliya ta cinye shinkafarsa kaf. Maƙwabtansa da na yi wa inshora duk kamfani ya biya su, shi sunansa bai fito ba. Sau biyu ya biyo ni har Gashua. Na ce masa kuskuren kamfani ne, zan bi masa. Har ga Allah haka na ɗauka. Kuma ban bi ba.

Da muka je gidansa ya ɗauko rasit ɗinsa a naɗe cikin leda. Rubutuna ne, sa hannuna ne. Hajiya ta duba shi, ta buɗe takardar banki, ta juya shafi, ta dawo baya, ta sake juyawa. Ta sha ruwan da aka kawo mata, ta yi masa godiya, muka fito.

Sai da muka bar gidajen, a gindin wata goruba, ta ce in tsaya.

"Idi, ranar da ka karɓi kuɗin bawan Allahn nan, ina ka kai su?"

Na rantse na tura. Ta miƙo mini takardar. Ranar babu abin da ya fita zuwa kamfani. Duk makon babu.

Na ƙura wa kwanan watan ido, sai abin ya faɗo mini. Ranar ce aka kira ni ina Dagona aka ce an kai mahaifiyata asibiti. Kuɗinsa suna aljihuna, da su na biya gwaji da magani, da niyyar in mayar ran Litinin. Litinin ta zo hankalina yana wani waje. Kuɗin suka gauraya da nawa, na manta.

Wato Baba Saleh bai taɓa samun inshora ba. Takarda kawai yake riƙe da ita.

"Wallahi Hajiya mantuwa ce."

"Na yarda. Amma shi shekara guda ke nan yana ƙullace da kamfani a ransa, alhali kai ne."

Na ce ta bari mu gama da maganar haraji tukuna, sai in san yadda zan ɓullo wa wannan.

"A'a. Haraji da takarda za mu gyara shi. Wannan haƙƙi ne, da ƙafarka za ka je. Ga gidan can, ba mu yi nisa ba."

Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba. Ita ta zauna a gindin gorubar, ta ce ba za ta bi ni ba, don kada ya ji kunyarta ya haɗiye abin da ke ransa.

Na same shi da 'ya'yansa maza biyu. Na durƙusa na faɗi komai. Babban ɗan ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja. Baba Saleh ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna.

Sannan dattijon ya ce, "Tsohuwar taka ta warke?"

Na ce ta warke.

"Alhamdu lillahi. Kuɗina sun yi aiki ke nan." Ya ɗan numfasa. "Amma ka ga gidan nan, tun bara da rance muke cin abinci."

Na ce duk abin da kamfani zai biya shi da na tura kuɗin, ni zan biya shi. Na faɗa ne alhali ban san ta ina zan samo ba.

Da na dawo na gaya wa Hajiya zan sayar da babur. Ta harare ni.

"Ka sayar da babur, da me za ka nemo sauran? Kawo biro."

A nan gindin bishiyar ta tsara mini. Duk kamashon da ya shigo a raba shi huɗu: na gida, na tafiyar da aiki, na haraji, na Baba Saleh. Ta lissafa ta ce idan na riƙe wannan, cikin wata goma sha huɗu zan gama. Ta rubuta yarjejeniya, mai unguwa ya zama shaida.

Wata goma sha biyar na yi. Ta ce wata gudan da ya ƙaru shayi da tsire ne, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Da muka zo rubuta takardar ƙorafi, na roƙe ta kada ta saka maganar Baba Saleh. Layi ɗaya ne a cikin ɗaruruwa, wa zai lura? Ta ajiye biro.

"Idan na ɓoye layi ɗaya aka gano, wa zai yarda da sauran? Kuma ni ba na sa hannu a takardar da nake tsoron a karanta."

Ba ta tsaya nan ba, ta sa na je da kaina na gaya wa manajan kamfaninmu. Aka ba ni takardar gargaɗi. Manajan ya ce da wani ne ya tono ba ni na kawo kaina ba, da ranar zan ajiye katin aiki.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika muka shiga ofishin haraji. Ta ɗauki fayil uku: kuɗin mutane da ya ratsa ta hannuna, kamashona, da abin da na kashe wajen aiki. Ta ce ni zan fara magana. Na fara, harshena ya sarƙe. Ta ƙyale ni na ɗan sha wahala, sannan ta karɓa.

Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta roƙi kowa ba, ba ta ambaci sunan wani babba ba. Jami'in ya nuna kuɗi a takardar banki, ita ta buɗe shafi ta nuna masa mai kuɗin da ranar da suka tafi kamfani. Ya sake nunawa, ta sake buɗewa. Kusan awa biyu.

Daga ƙarshe ta fito da wata takarda da ta sa na nemo tun makon farko. Ashe duk lokacin da kamfani zai biya ni kamasho, sai ya cire wani kaso na haraji ya tura da sunana. Shekara da shekaru ana cirewa, ni ban taɓa karɓar shaidar ba, ban ma san akwai ta ba.

Da aka gama lissafi, abin da ya rage a kaina bai kai kuɗin tayoyin babur biyu ba. Ranar na je banki na biya.

Jami'in, saurayi ne mai kirki, ya ce, "Mama, da duk masu zuwa nan haka suke zuwa, da mun huta."

Ta ce, "Za su zo haka. Ka ba ni shekara biyu."

Na ɗauka wasa take yi.

A waje na tambaye ta nawa ne ladanta. Ta faɗi kuɗin da har na ji kunyar ƙanƙantarsu. Na biya, ta rubuta mini rasit, ta ce, "Adana shi. Wannan ma kuɗin aiki ne, za a cire maka shi baɗi."

Wata guda bayan nan ta sa ni da Modu muka tara mata wakilan inshora. Mu shida muka fara, a zaurenta, Asabar ɗin farko ta kowane wata. Daga baya zauren ya yi mana kaɗan, muka riƙa karɓa-karɓa, wata ɗaya Nguru, wata ɗaya Gashua, a wani aji da muke aro.

Abin da ta koya mana ba wani sirri ba ne. Asusu biyu, ɗaya na mutane ɗaya naka, kada su taɓa haɗuwa. Kuɗin mutum kada ya kwana a aljihunka. Ka sha mai, karɓi rasit. Ka sayi kati don kiran manoma, rubuta. Kamasho ya shigo, cire na haraji ka ajiye gefe tun kafin ka biya ta wajen mai nama. Kada ka jira ƙarshen Maris, wa'adin kai bayanan haraji, ya zo kana rarraba ido.

Ta san sana'armu ta damina ce, kuɗi su zo da yawa lokaci ɗaya sannan a yi wata huɗu ana hamma. Ita ta koya mana mu yanka wa kanmu albashi daga kamashon damina, mu riƙa ɗauka wata-wata kamar ma'aikata. Matanmu sun fi mu yi mata addu'a a kan wannan.

Kullum tana cewa, "Kada ka ci na gwamnati, kada kuma ka bar mata naka."

Wani ya taɓa tambayarta ko wanda ya biya haraji ya huta da zakka. Ta ce masa wannan littafi daban, wancan daban, ya je wajen malaminsa da lissafinsa a hannu.

Kada ku ɗauka mai sanyi ce. Idan ranta ya ɓaci Hausar ma guduwa take yi, sai Kanuri zalla. Wani ya taɓa kawo mata rasit ɗin mai na bogi, wai a ƙara a rage masa haraji. Ta tattara fayil ɗinsa ta miƙa masa ta nuna masa ƙofa. Sai da ya yi wata uku yana turo mutane kafin ta bar shi ya dawo.

Wanda ya makara kuwa, hukuncinsa ya tashi ya karanta littafinsa na watan a gaban kowa. Sau ɗaya aka yi mini, ban ƙara makara ba.

Amma ita ce duk ranar taro a gidanta sai an fito mana da burabusko, ta tsaya a kanmu sai mun cinye.

Ita ce duk macen da ta shigo sana'ar nan take saya mata littafin lissafi na farko da kuɗinta, kuma ba ta karɓar ko kwabo a hannunta sai ta shekara.

Ita ce idan Fabrairu ta kama za ta bi mu ɗaya bayan ɗaya a waya. Ba dogon zance. Ni da nake Gashua, ƙasar Bade, abin da za ta ce mini kawai: "Ɗan Bade, ina fayil ɗina?" Shi ke nan ta kashe.

Da wani abokin aikinmu na Machina ya rasu, iyalinsa ba su san yana bin kamfani komai ba. Hajiya ta buɗe kwafin littafinsa da ke wajenta, ta fitar da kamashon da ba a biya shi ba har na ƙarshe, ta yi ta rubuta wasiƙa wata biyar har kuɗin suka fito. Ta hau mota ta kai wa matarsa shaidar da hannunta. Ko kuɗin motar ba ta yarda an mayar mata ba.

Da can idan ka ce kai ɗan inshora ne a kasuwa, sai a yi maka wani irin kallo. Mutane suna da dalilinsu, an sha cinye musu kuɗi. Yau manomi a fadama zai ba ka kuɗi ya ce, "Ina jiran saƙon kamfani a wayata kafin la'asar." Mu muka koya musu su faɗi haka, ita kuma ta koya mana. Yau muna shiga ofishin haraji da fayil a hannu, a ba mu kujera. Ina alfahari da wannan, wallahi ina alfahari.

Baba Saleh har yanzu ni nake yi masa inshora. Shi ya kawo mini rabin mutanen da nake da su a Dagona.

Ganina da ita na ƙarshe mako uku ke nan, a taronmu na Gashua. Maganar sabuwar dokar haraji ta tayar wa kowa da hankali, ana ta yaɗa jita-jita a waya, wasu har suna cewa za su kwashe kuɗinsu daga banki. Ajin ya cika, har da waɗanda ba 'yan inshora ba, masu shago da dillalan kifi.

Ta iso Yagana tana riƙe da hannunta. Ta rame sosai. Na san ba ta jin daɗi, amma duk lokacin da na tambaya sai ta ce gwiwa ce.

Na miƙa mata alli. Ta ƙi karɓa.

"Kai za ka yi."

Na ce Hajiya ban shirya ba.

"Shekara bakwai kana shiri. Je ka."

Ta wuce can baya ta zauna a bencin ƙarshe. Na tsaya gaban allo. Na yi bayani fiye da awa ɗaya, aka yi tambayoyi na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce zan bincika. Ina yi ina satar kallonta. Ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ba.

Da aka tashi na raka ta mota. Ta dafa ƙofa ta tsaya tana mayar da numfashi.

"Ka yi kuskure ɗaya, wajen kuɗin haya."

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Amma ka dawo ka gyara da kanka kafin in yi tari." Ta yi murmushi. "Na gaji, Idi. Amma yau na ji daɗi."

Na sa an saka mata ƙullin bandar kifi a bayan mota. Ta tambayi nawa ne, na ce kyauta ce. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"To wannan kam kada in gan shi a kuɗin aiki."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Mota ta tashi tana ɗaga mini hannu.

Yau kafin a yi mata salla, ƙaninta ya tashi ya yi sanarwar da aka saba, duk wanda yake bin marigayiya bashi ya yi magana ko ya same shi daga baya. Sannan ya ɗaga wani ƙaramin littafi ya ce 'yarta ce ta ba shi. Ya ce iya abin da suka gani a ciki, babu mai binta. Mai kawo mata ruwa ta sallame shi ranar Laraba. Mai chemist na unguwa ta aika masa nasa daga gadon asibiti. Kuɗin likkafani da na masu haƙa suna cikin ambulan, an rubuta a bayansa.

Ya ce akwai shafi ɗaya na waɗanda ita take bi. Ba zai karanta sunaye ba, don ta ja layi a kan shafin tun daga sama har ƙasa, ta rubuta "na yafe", ta sa hannu da kwanan wata.

A sahun da nake, mutum uku na ji sun fashe da kuka. Ban waiwaya na ga ko su wane ne ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Bintu ta zo gare Ka. Mun shaida ta tsare haƙƙin mutane, ta kuma hana mu cin sa. Ka sauƙaƙa mata hisabi. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ka ba Yagana da 'yan'uwanta haƙurin wannan rashi, Ka tsaya musu. Mu kuma da ta bari da amanar mutane a hannu, Ka ba mu ikon riƙewa har ranar da tamu za ta zo.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, kada ka wuce haka. Ka tsaya ka karanta mata Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunanta a sujadarka ta yau. Hajiya Bintu, ta Nguru.

Allah Ya ji ƙan ki, Mama.